Numfashin Labaran da Ruwan Wuta

A unguwar maƙera ta Birnin Gwari, a zamanin da ayarin Kano ke yada zango a bakin ganuwa kafin ya gangara ƙasar Nufe, an yi wani mutum mai suna Labaran. Ƙirar fari yake yi, wato ta azurfa da tagulla: zobba, 'yan kunne, awarwaro, sarƙar wuya. Siriri ne, mai saurin tafiya, kuma bai iya zama ba. In an shimfiɗa masa tabarma sai ya tsuguna a gefenta kamar ana jiran sa a waje. Gaisuwa yana tafe yake amsa ta. Tuwo da zafinsa yake haɗiye shi, ya ƙone harshe, gobe ma ya sake. Mutanen unguwa sun yi faɗa har sun gaji, suka bar shi da halinsa.

Wuri ɗaya ne Allah ya ba shi natsuwa, gaban fitilar liƙi. Yana da wani siririn bututun tagulla mai ɗan lanƙwasa a baki. Da shi yake hura harshen fitilar man kaɗanya a kan abin da zai liƙa, har sinadari, wato ƙarfen liƙi, ya narke ya bi tsagar ya haɗe ta. Aikin duk na numfashi ne. In numfashi ya yanke ko na ƙiftawar ido, ƙarfe ya huce, sinadari ya dunƙule ya zama ƙurji a jikin zobe. Shi kuwa Labaran ya iya shaƙar iska ta hanci kumatunsa na ci gaba da hurawa, yadda mabusan algaita ke yi, harshen wutar ya tsaya cak ba rawa. Liƙinsa sai ka sa farce ka nema ka rasa. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ko akuya. Numfashin nan shi ne dukiyarsa duka. Da shi yake ci, da shi aka san shi tun daga Randagi har rugagen Fulani da ke gefen dajin Kamuku.

Gidan nasu yana da doka guda wadda ba a wasa da ita: wanda ya hura wutar aiki ba ya barin ta sai ta mutu. A zamanin kakansu wani ya bar garwashi ya tafi amsa kira, gobara ta cinye rabin unguwa har da rumbuna. Tun daga nan, ko kiran salla aka yi, ko dai ka kashe wutarka ko ka yi sallar a gefenta. Maƙerin da aka ga wutarsa ita kaɗai ba a zagin sa, ba a dukan sa. In dai ya zo aron awartaki, sai kowa ya ce nasa ya karye. Yayan Labaran, Salmanu, maƙerin fartanya da gatari, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma shi ke riƙe da dokar.

Abin da ke ci wa Labaran tuwo a ƙwarya a sana'arsa shi ne wanki. Azurfa in ta fito daga wuta baƙi take yi ƙirin. Sai an jiƙa tsamiya, an matsa lemun tsami, an ɗora a wuta ana dafawa ana gogewa da toka kusan wuni guda, kafin ta yi fari, farin ma mai duhu-duhu. Ga mutumin da bai iya jiran tuwo ya huce ba, wannan azaba ce. Yakan yi ta kewaya tukunyar yana tsaki, ya tsamo, ya duba, ya mayar.

Wata rana da kaka wani farke ya shigo maƙerar da zoben azurfa da ya tsage. Sunansa Bature, mutumin Kano ne, kuma a ƙuruciyarsa ya yi wa wani attajiri hidima har Masar. Labaran ya liƙe zoben nan da nan, ya jawo tukunyar tsamiya yana ƙunƙuni.

"Bar tsamiyar nan, maƙeri," in ji Bature. "Ba ni ruwan ɗumi a kasko."

Ya ciro wata 'yar kwalba daga cikin tsumma, ya ɗiɗɗiga abin da ke ciki a ruwan, ya jefa zoben. Kafin su gama zancen hanya zobe ya fito fari tas, irin farin da Labaran bai taɓa gani a jikin azurfa ba. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan wuta. Kada ka taɓa kwalbar, yana cin tufa, yana cin fata."

"Sayar mini."

"Ɗan wannan ne ya rage mini, ba na sayarwa ba ne."

"To a ina ake ɗibar sa?"

Bature ya yi dariya. "Ba rijiya gare shi ba, haɗa shi ake yi. Na ga gidan da ake yin sa a Masar. Farar wuta suke ƙonawa da ɗan gishirin albarushi a cikin rufaffen ɗaki mai ruwa a ƙasa. Hayaƙin ya rasa mafita, ya sauka ya shige ruwan. A sake, a kuma sake, har ruwan ya yi ƙarfi. Ɗakin kuwa da dalma aka shafe cikinsa, sama da ƙasa. Amma ji nan da kyau, su can cinna wutar suke yi su gudu. Ba mai tsayawa. Na ga wanda ya tsaya, bai ƙara moruwa ba."

Labaran ya ji farar wuta, ya ji gishiri, ya ji ruwa. Sauran zancen ya bi iska. Haka kunnensa yake, abin da yake so shi yake ɗauka.

Farar wuta ba ta yi masa wuya ba, masu haɗa albarushi na saye wajen fataken arewa, mata ma na sa ta a maganin ƙazwa. Gishirin kuwa tace shi ake yi daga ƙasar kogon dutse inda jemagu ke kwana, kuma dajin cike yake da irin wannan kogo. Dalma ce babu, sai ɗan abin da maharba ke yin harsashi da shi. Labaran ya ce ai dalma iyayin Larabawa ne, randa ma ɗaki ce.

Matarsa Furera maginiyar tukwane ce, mace mai sanyin hali wadda ba ta gaggawar komai, shi ya sa zamansu ya ɗore. Ya ɗauki randarta mafi kyau, ya zuba ruwa, ya rataya ɗan kasko a ciki da farar wuta da gishirin, ya cinna, ya rufe. Ya tsuguna. Bai ko gyara tsugunnon ba ya ɗaga murfi don ya ga ko tana ci. Tana ci kuwa, da shuɗin harshe mai ban sha'awa, sai wani jan hayaƙi ya doke shi a fuska. Ya faɗi zaune yana tari hawaye na zuba. Kaji suka watse, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wane mugun abu ake ƙonawa.

Salmanu ya yi ta haƙuri kwana da kwanaki. Ran da tsohuwarsu ta wayi gari muryarta a dushe don tari, ya kira Labaran.

"Auta," haka yake kiran sa don shi ne ƙaraminsu, "ban hana ka haukanka ba. Amma ba a gidan nan ba. Ga daji can, Allah ya yi shi da faɗi."

Labaran ya kafa bukka a gefen wani rafi cikin dajin, tafiyar hantsi daga ƙofar gari, kusa da mashayar shanun wani dattijon Bafulatani mai suna Jumare. Da safe ya yi ƙira a gari, da rana ya sheƙa daji, da yamma ya dawo yana warin farar wuta. Ruwan randar ya fara tsami. Ya ɗanɗana a kan harshe, haƙoransa suka mutu, ya yi tsalle shi kaɗai a daji. Amma ba a daɗe ba randar ta fara gumi ta waje, gindinta ya yi ta marmashewa, ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa. Furera ta shafe masa wata da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa daɓe. Ruwan ya cinye makubar. Ya roƙi Salmanu ya ƙera masa tasar ƙarfe. Ita kuwa tafasa ta dinga yi ba wuta, ruwan ya koma kore, tasar ta zama rariya. Salmanu ya ɗaga ta ya hangi rana ta cikinta, ya ajiye ya koma kan aikinsa. Labaran ya gwammace da zagin sa ya yi.

Sai a lokacin ya tuna Bature ya ce dalma. Shekara ta zagayo kafin ya yarda da abin da aka gaya masa kyauta a zama ɗaya.

Ya bi masu sayar da tozali, don dutsen tozali in an narka shi dalma yake bayarwa. Ya yi wa maharba gyaran bindiga suna saka masa da harsashi. Ya narka, ya zuba a kan falalen dutse, ya yi ta bugu da masaɓa har dalmar ta zama falle-falle. Furera ta gina masa manyan kwatarniya biyu masu faɗin baki, waɗanda in an kifa ɗaya a kan ɗaya za su haɗu baki da baki. Ya shimfiɗa dalmar a cikinsu, ya liƙe kowace gaɓa da sinadarinsa mafi kyau. Liƙi ne wanda da a kasuwa aka yi shi da an taru kallo.

Ruwan wuta bai san da wannan ba. Dalmar dai bai taɓa ta ba, gaskiyar Bature. Amma ya bi liƙin layi-layi ya cinye sinadarin, ya fice ta gaɓoɓin. Labaran ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka na gaske, don ba a taɓa raina liƙinsa ba sai ranar.

A wannan lokacin tari ya riga ya sami wurin zama a ƙirjinsa. Furera ce ta fara lura. A da yakan liƙe sarƙa guda bai ɗaga kai ba, yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana gyara fitila. Wata rana ta bi shi daji da fura, ta tarar ya yi wa kwatarniyar faci da laka yana sake gwadawa. Yana tsugune, ya kafa ido a wani ɗan rami da ya huda a ta sama, jan hayaƙi na zirarowa ta gefen hancinsa.

"Maigida, wannan ramin na mene ne?"

"Na ganin wuta. Yaya zan san tana ci in ban gani ba?"

"In ta ci ta ci, in ba ta ci ba ka sake. Ni in na jera tukwane na rufa musu ciyawa na cinna, ja da baya nake yi in zauna a inuwa. Ba su taɓa cewa sai ina kallo za su gasu ba."

"Ke maginiya ce. Ni maƙeri ne."

"Maƙeri da me? Da ƙirjin nan da ke kuka kamar tsohon zugazugi? Wallahi tsoro nake ji. In numfashin nan ya tafi, ruwan ne zai yi maka liƙi?"

Maganar ta shige shi, don yana son matar nan, kuma ya san ba ta magana sai ta cika. Washegari ya yi abin da ba ɗan gidansu da ya taɓa yi. Ya cinna farar wutar, ya toshe ramin, ya tashi ya haye rafi ya tafi gindin wata ɗorawa mai nisa. Ya zauna, ya miƙe. Ya tsinki ganye ya yayyaga. Ya juya baya, ya ji bayansa na ƙaiƙayi. Ya yi ta ce wa kansa ai a rufe take, ai a rufe take. A rufe take kuwa. Amma cikin saurin gudu ya bar garwashin da ya cinna ta da shi a ƙasa, ga shi rani ne, ciyawa ta bushe ƙayau. Iska ta taso. Kafin ya hango farin hayaƙi, wuta ta wuce bukka ta miƙa yamma.

Ya yi ta dukan ta da ɗanyen reshe, mutanen ruga suka fito su ma. Ba a yi asarar rai ba, ko na maraƙi. Amma ciyawar da Jumare ke dogaro da ita don shanun tatsa har saukar damina ta ƙone ƙurmus. Dattijon ya tsaya a kan toka, ya dogara sandarsa.

"Maƙeri, kana ina wutarka ta fita yawo?"

Labaran ya yar da reshen da ke hannunsa. Salmanu da kansa ya ɗauki goro da kanwar shanu ya tafi rugar ba da haƙuri. A hanyar dawowa bai dubi ƙanen nasa ba, ƙasa yake kallo.

"Auta, da ruwan nan ne ya kashe ka, da na yi kuka na haƙura. Amma a ce ɗan gidanmu ya bar wuta!"

A unguwa kuwa Labaran ya ga yadda ake kawar da kai in ya doso. An daɗe kafin wani ya sake miƙa masa awartaki.

Abin haushi a nan shi ne garwashin waje ne ya yi ɓarna, ba wutar da ke rufe ba. Da ya zuba masa ruwa ya yi tafiyarsa da ba abin da zai faru. Amma dokar gidansu ba ta san wannan bambancin ba. Wuta wuta ce, kuma ba a haifi wanda zai koya wa maƙera sabon karatu a kanta ba. Daga ranar ko da igiya ba za ka ja Labaran daga gaban kwatarniyarsa. Furera ma ba ta sake buɗe baki a kan zancen ba, tana ganin shawararta ce ta jawo masa kunya, abin ya tsaya mata a rai. Sai dai ta karɓo madarar da Jumare ke aiko masa, don dattijon ba mai riƙo ba ne, ta tsare shi sai ya shanye.

Shi kuwa Labaran tunaninsa bai daina aiki ba, ko a salla. Tun da ruwan ba ya cin dalma, me zai hana a liƙe dalma da dalma, ba sinadari? Ya gwada a kan guntaye. Sai ka haɗa bakin falle biyu, ka hura musu siririn harshen wuta har su narke su zama ɗaya, kana ɗiga musu wani zaren dalmar. In wuta ta yi yawa kaɗan, rami. In ta yi kaɗan, ba su kama ba. Sai harshen da ba ya rawa, sai dogon numfashi. A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne zai iya, kuma mutumin ya san abin da yake da shi raguwa yake yi.

Ya kuma sauya tsarin. Ya ce Furera ta gina masa ƙaramar tukunya daban inda farar wuta za ta riƙa ci, da wani maƙogwaron yumɓu da zai kai hayaƙin cikin manyan kwatarniyar. Ta haka ba sai ya ɗaga babban murfi ba duk lokacin da zai ƙara. Ya yi ɗan famfo... a'a, ɗan hancin dalma ne ya yi a gindi, mai toshiya, inda zai riƙa tsiyayar ruwan. Furera ta yi murna, tana zaton hayaƙin zai rabu da shi. Ina! Ramin kallo ya koma kan ƙaramar tukunya, Labaran ya bi shi.

Damina guda ya yi yana liƙin dalma. Da farko yakan yi kamu guda a zama ɗaya, daga baya taƙi, daga baya tsawon yatsa, sai ya jingina da bango yana haki. A gari aiki ya taru, masu zobba suna zarya, yana ce musu gobe. Ran da ya rufe gaɓar ƙarshe duhu ya rufe masa ido, ya farfaɗo ya ga kansa kwance, bututun a hannunsa. Ya rarrafa ya shafa gaɓar da yatsa. Sumul.

"To alhamdu lillahi," in ji Furera da ya ba ta labari. "Yanzu ka huta har kaka ta wuce, ƙirjin ya dawo."

"Bari in ga ruwan tukuna."

Ruwan kuwa ba a ƙonawa ɗaya yake ƙarfi ba. A sake, a kuma sake, haka Bature ya ce, kuma wannan kam Labaran ya riƙe. Kowace ƙonawa yana nan tsugune har shuɗin harshen ya mutu, ya buɗe tukunya da zafinta don ba ya iya jiran hayaƙin ya lafa, ya zuba sabo, ya cinna. Ciyawar da ke kewaye da bukkar ta yi ja ta bushe. Shanun Jumare suka sauya mashaya da kansu, ba wanda ya kora su. Dabba ma ta san abin da za ta guje wa.

Wata safiya ya cire toshiya ya tara kasko. Ya ɗiga a kan tsumma, zuwa azahar wurin ya huje. Ya duba gindin kwatarniya, a bushe, ko ɗigo bai zuba ba. Ya cika wata kwalba da ya samo wajen fataken Nufe, ya naɗe ta a tsumma ya kamo hanyar gari. Ranar a hankali ya yi tafiyar, yana yi yana tsayawa. Masu zama a ƙofar gari suka ce kai, Labaran ya fara hankali, har yana tsayawa a gaisa. Ba su san iska yake nema ba.

Maƙera suka taru a maƙerar Salmanu. Aka kawo wata tsohuwar munduwa da ta yi baƙi, ya jefa ta a ruwan ɗumi da ya ɗiga wa nasa ruwan. Ta fito fari tas. Aka yi ta salati, ana karɓa hannu da hannu. Salmanu ya riƙe ta ya daɗe, sannan ya ce, "Auta, ka yi." Labaran ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ba a yi kwana da yawa ba Jumare ya shigo gari da gutsattsarin azurfa a ƙulle a bakin rawani. 'Yarsa Kadijatu za ta tare ɗakin mijinta in wata ya tsaya, yana so a yi mata 'yan kunne.

"Na ce mata ba mai yi sai kai," in ji shi. "Na uwarta ma kai ka yi, har yau ba a ga inda ka haɗa ba."

"Bappa, waɗannan za su fi su. Su ne aikin farko da zan wanke da ruwana."

Ya narka azurfar, ya ja ta ta zama zare, ya murɗa, ya lanƙwasa ƙananan zobba masu shiga juna. Hannun nan yana nan yadda yake. Ya kunna fitila, ya ɗora sinadari, ya sa bututu a baki. Harshen wuta ya kwanta, ƙarfe ya fara ja. Ya nemi iska ta hanci yadda ya saba, iska ta ƙi zuwa. Ƙirjinsa ya yi fito, tari ya ƙwace, harshen wutar ya yi rawa ya miƙe. Sinadari ya dunƙule.

Ya kankare ya sake. Ya sake. Ya ce man fitilar ne, ya sauya mai. Ya ce bututun ne ya toshe, ya zura masa tsinke. Furera na jin sa daga tsakar gida, ta daina dakan da take yi, ba ta shigo ba.

Ya daina zuwa daji. Ya sha madara da zuma, ya sha saiwoyin da aka ce ya sha, ya kwanta da rana tsaka, shi Labaran. Kullum da safe ya ɗauki bututu ya gwada, kullum a daidai wuri ɗaya numfashin ke yankewa, ana dab da sinadari ya gudana. Wata ya yi ta ƙanƙancewa a sama. Tsoro ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ya ci abinci.

A ƙarshen unguwa akwai wani maƙerin fari mai suna Ƙasimu, mutumin kirki mai nauyin hannu. Labaran ya sha faɗa a bainar jama'a cewa liƙin Ƙasimu ko makaho ya shafa ya san inda yake. Ana jibi wata zai tsaya, ya naɗe 'yan kunnen a ƙyalle ya nufi can. Ƙasimu ya miƙe da ya gan shi.

"Yaya Labaran, da ka aiko ai da na zo."

Labaran ya buɗe ƙyallen ya ajiye a gabansa. "Liƙa mini."

Ƙasimu ya dube shi, ya dubi aikin, ya sunkuyar da kai. Bai tambayi komai ba, Allah ya saka masa. Ya kunna fitilarsa ya fara hurawa irin tasa, fuu, ya tsaya, fuu, ya tsaya. Labaran na gefe ya dafe gwiwoyinsa. Bai san kumatunsa na kumbura ba sai da ya ga Ƙasimu ya saci kallon sa ya yi sauri ya kawar da ido.

Ya kawo su gida ya wanke su da ruwansa. Suka fito fari tas, sun fi duk abin da aka taɓa ƙerawa a Birnin Gwari haske. Tsamiya takan bar ɗan duhu da ke rufa wa maƙeri asiri, ruwan wuta kuwa ba ya barin komai. A cikin wannan farin, kowane ƙullin sinadarin Ƙasimu ya fito fili, ana hango shi daga bakin ƙofa.

Jumare ya zo da hantsi. Ya karɓa ya ɗaga su a rana, ya yi murmushi don farin, sannan babban yatsansa ya tsaya a kan wani ƙulli. Ya shafa, ya juya ɗayan, ya shafa. Murmushin ya tafi.

"Maƙeri, wannan ba hannunka ba ne."

Labaran ya buɗe baki, ya jira iska ta zo.

"Wankin dai," ya ce, ya tsaya ya nisa, "nawa ne, Bappa."